Safar Hannun Bahago

Kowa a sashen ɗinki na kamfanin tamfol Anti yake kiranta, har da waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba, har da Manaja in yana neman wani abu a wurinta. A gida kuwa Auta ce, kuma mutum ɗaya ya rage mai kiranta haka, wato Baba. Shi ya riƙe wannan sashen kafin ita, shekara da shekaru, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. A zamaninsa Aradu ma'aikata suke ce masa a bayan ido. Ya sani sarai, kuma wallahi daɗin sunan yake ji.

Safiyar ranar tana haɗa masa shayi tana zuba masa labari, baki har kunne. Jibi manyan kamfani za su zo rufe shekara, kuma koriyar tutar da ke rataye a ƙofar sashenta ba ta taɓa sauka ba tun farkon shekara.

Tutar nan shawararta ce. A da, in mutum ya ji ciwo a bakin aiki, faɗa za a yi masa, a kuma yanke masa albashi wai don sakaci. Da aka ba Anti sashen sai ta je ta tsaya gaban manya ta ce a bar horo a gwada lada. A rataya wa kowane sashe koriyar tuta, ranar da aka kai wani ɗakin magani a sauke ta. Sashen da ya kai ƙarshen shekara tutarsa na sama, a mayar da ma'aikatansa na wucin gadi su zama na dindindin. Manya suka yarda, don a zatonsu ba wanda zai kai. Ta masu walda ko wata ba ta yi ba ta sauka, sauran ma suka bi ɗaya bayan ɗaya, ta Anti ce kaɗai ta rage. Mafi yawan 'yan wucin gadinta kuwa mata ne masu 'ya'ya, waɗanda kowane ƙarshen wata ba su san ko za a ce su dawo ba.

"Ka gani ko, Baba?" ta ce. "Ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Kai da tsawarka ba a rufe wata ba a ga jini ba."

Baba ya hura shayinsa. "Tsaba kika watsa musu kamar mai kiran kaji. Ki bari ta ƙare ki ga wa zai zo."

"Ba don lada ba ne kawai. Suna ƙaunata."

"Ƙauna. Ni da sun ji takuna kowa yake gyara zama. Wuƙar injin nan ba ruwanta da wa ke son wa, Auta."

"Suna gyara zama in kana tsaye a kansu. In ka juya baya fa?"

"Shi ya sa ba na juya baya."

Wannan gardamar sun yi ta har ta gaji da su. Kullum a nan take tsayawa, shi ya ce mutum ba ya kiyaye kansa sai yana tsoron wani, ita ta ce mai tsoro idon shugaba yake kiyayewa ba hannunsa ba. Amma yau Anti ta zo da abin da take ganin zai rufe masa baki.

"To bari ka ji. Kawu Bahago ya fara sa safar hannu."

Baba ya ɗago. Bahago shi ne mai yankan tamfol na sashen, tun yana saurayi yake kan teburin nan, tun Anti na yarinya tana kawo wa Baba abincin rana. Da hagu yake riƙe injin yanka, dama ce ke danne tamfol a gefen wuƙa, don haka dama ce ya kamata ta sha safar fata. Baba ya yi faɗa, ya yi zagi, ya sha korarsa gida, mutumin nan bai sa ba. Cewa yake safa na hana yatsunsa jin tamfol.

"Makon jiya na shigo na gan shi da ita," in ji Anti. "Na tara kowa, na sa aka tafa masa, na ba shi sabon flas na shayi. Tun ranar bai cire ba. Ko lokacin cin abinci tana hannunsa."

Baba ya ajiye kofin. "Ko lokacin cin abinci?"

"Da cokali yake ci, da hagunsa."

"Safar nan fata ce mai kauri. A zafin ɗakin can, kafin ka ce me hannu ya jiƙe sharkaf. Ko mai sonta, ana buga ƙararrawar hutu yake jefar da ita." Ya zuba mata ido. "Kin ga hannun da idonki?"

"Kai dai Baba ba ka so a ce na yi abin da ya gagare ka."

"Gaskiya ne, ba na so. Amma kin ga hannun?"

Ta ɗauki jakarta ta fita, nata shayin ko kurɓa ba ta yi ba.

A cikin bas ta yi ta yi wa kanta faɗa. Tsoho ne kawai mai kishi, in bai zuba ƙasa a abin mutum ba ba ya jin daɗi. Mutum ya ji daɗin yabo ya riƙe safarsa, mene ne a ciki? Amma tambayar Baba ba ta bar ta ba. Ta nemi ranar da ta ga hannun Bahago na dama tsirara tun bayan flas ɗin nan, ta juya ta juya, ba ta samu ba.

Sashen dogon ɗaki ne mai rufin kwano, kekunan ɗinki jere a layi biyu, warin roba ya kama komai har gashin mutum. Fankokin sama na juyawa ne kawai don kada a ce ba su yi komai ba. Tutar na nan a ƙofa, ta ɗan yi ƙura. Anti ta wuce ta ƙarƙashinta ana ta gaishe ta, ina kwana Anti, ya Baba da gwiwa, ita kuma tana amsawa tana kallon can ƙarshen ɗaki inda teburin yanka yake.

Bahago na tsaye yana aiki. Mutum ne mai tsokana, kullum sai ya tuna mata cewa ya taɓa ɗaukarta a kafaɗa tana kuka da majina. Yau "Anti, barka da zuwa" kawai ya ce, bai ƙara ba. Gumi na bin wuyansa alhali rana ba ta ɗaga ba, leɓensa ya bushe. Ta tsaya kamar mai duba ɗinkin wata, tana satar kallonsa. Ba da yatsu yake danne tamfol ba, da gefen damtse yake yi, hannun mai safa na ɗage sama kaɗan. In yankan ya zo kusurwa sai Uwar Biyu ta bar kekenta ta zo ta riƙe masa. Uwar Biyu 'yar wucin gadi ce, mijinta ya rasu ya bar ta da tagwaye, kuma ba a taɓa ganin ta tashi daga keke ba sai da dalili. Ba wanda ya kira ta, ba wanda ya dube ta. Ka san sun saba.

Anti ta bar wurin. Ta nufi akwatin magani da ke manne a bango. Dokar kamfani ce, in aka ɓalle hatiminsa dole a sanar da ɗakin magani. Hatimin na nan yadda aka sa shi farkon shekara, da can har nuna wa baƙi take yi tana alfahari. Yau ta tsaya ta dube shi da kyau. Ɗaki cike da allura da almakashi da wuƙa, shekara guda, a ce ko filasta ɗaya ba a nema ba? Ta juya ta bi layi tana kallon hannaye. Wannan da baƙin tef na masu gyaran wuta a babban yatsa, waccan da shi a ɗan ali, ta kusa da taga har yatsu biyu ta naɗe. Kullum tana ganin tef ɗin nan. Ta taɓa tambaya aka ce mata don kada tamfol ya riƙa zamewa ne, ita kuma ta yaba da dabarar. A kusurwar da ake dafa shayi, gwangwanin gishiri ya kusa ƙarewa, kuma ba mai sa gishiri a shayi.

Tana nan tsaye sai ga Manaja ya leƙo da fara'arsa, yana wasa da makullan mota.

"Anti, jibi ke ce tauraruwa fa. Na riga na cika baki gaban manya. Don Allah ko sauro kada ki bari ya ciji wani kafin nan."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, abin da ya fito dai ta ba shi. Ta shige ɗan ofishinta mai gilashi ta zauna.

A nan ne wani tunani ya zo mata, kuma ba tunanin kirki ba ne. Jibi ba nisa. Ba wanda ya gaya mata komai. In ba ta tambaya ba, ba ta sani ba, in kuma ba ta sani ba wa zai kama ta da laifi? Ƙila ƙaramin yanka ne. Bahago ba yaro ba ne, ya san jikinsa. Ta leƙa ta gilashi ta ga matan nan sunkuye kan kekuna, ta san gidan kowacce, ta san wadda mai gida ya ba wa'adin tashi, ta san wadda ta riga ta yi wa ɗanta alkawarin komawa makaranta. Ta ji kunyar kanta ƙwarai, amma duk da kunyar ba ta tashi ba. Ta zauna tana jujjuya biro har aka buga ƙararrawar hutu.

Kekuna suka yi shiru. Kowa ya jawo ƙullin abincinsa. Ta fito ta je ta zauna kusa da Bahago a kan benci, ta sassauta murya yadda ta saba.

"Kawu, jikin lafiya kuwa? Na ga kamar ka rame."

"Lafiya lau, Anti. Tsufa ne."

"To cire safar nan hannu ya sha iska mana. Hutu ake yi."

"A'a," ya ce yana murmushi. "Ke kika ce in zama abin koyi. So kike in cire ki ƙwace flas ɗinki?"

Aka kwashe da dariya, amma dariyar ta zo da wuri, ta kuma ɗauke lokaci ɗaya. A zaman nan ne hancinta ya kama wani wari a ƙarƙashin warin roba, irin na naman da ya kwana ba a dafa ba. Ta miƙe ta dubi ɗakin gaba ɗaya.

"Akwai wanda ke da abin da zai faɗa mini? Kun san ni dai, ba na faɗa."

"Babu komai, Anti," in ji wata daga baya. "Allah ya bar mana ke."

Aka ce amin. Fuskoki duk murmushi, kuma ba ido ɗaya da ya yarda ya haɗu da nata. Ta taɓa jin tsoro a rayuwarta, amma ba ta taɓa jin irin wanda murmushin nan ya sa mata ba.

Ta ce Uwar Biyu ta zo ta taya ta duba wani tamfol a sito. Suna shiga ta tura ƙofa. Ba ta ma buɗe baki ba matar ta fara hawaye.

"Tun yaushe?" in ji Anti.

"Makon jiya. Da safe, kafin ki iso. Wuƙa ta kama masa yatsu biyu." Ta share ido da gefen mayafi. "Mun ce a tafi ɗakin magani ya ƙi. Ya ce shi na dindindin ne, tuta ba ta ƙara masa komai, amma ba zai zama wanda ya cire abinci daga bakin 'ya'yanmu ba. Na naɗe masa da ƙyalle, ya zura safa don kada jini ya nuna."

"Ni kuma fa? Ba ku da bakin gaya mini?"

"Wallahi mun shirya za mu faɗa. Ni ce ma zan faɗa. Sai kika shigo kika ga safar, kika yi ta murna, kika ce a tafa. Kika fita da kanki kika sayo flas. Anti, wa zai iya duban idonki a lokacin nan?"

Anti ta jingina da tulin tamfol.

"Da tsohon shugaba ne, babanki, tsoro ne zai sa mu ɓoye," Uwar Biyu ta ci gaba. "Shi kuma da ya kama mu, don ba ya yarda da kowa. Ke kuwa kin je kin tsaya mana gaban manya, kin sa sunanki. Ba mu so a yi miki dariya."

"Asibitin waje fa? Ko can bai je ba?"

"Ya ce za su kwantar da shi, in bai zo aiki ba za a tambaya. Ƙwayoyi yake saya a kemis. Ni nake gasa masa da ruwan gishiri kullum a nan." Ta rage murya. "Shekaranjiya yatsun suka fara baƙi. Yau na ga wani jan layi ya hau har gwiwar hannu."

"Innalillahi."

"Ya ce zai iya kaiwa jibi. Jibi ne fa kawai, Anti." Ta kama hannun Anti, ta sake shi. "Ni ban san me nake roƙonki ba ma. In na dubi yarana in ce a jira, in na kwance ƙyallen nan in ce a tafi yanzu. Na daina barci."

Anti ta buɗe ƙofa ta fito. An koma aiki, Bahago ya ɗauki injinsa. Ta taka har gaban teburinsa.

"Kawu, don Allah kashe injin nan mu je a duba hannun."

Ya dubi ƙofar sito, ya gane. Ya matso da kansa ya yi magana ƙasa-ƙasa, da sunan da bai kira ta da shi ba tun tana yarinya.

"Auta, ki koma ofis. Ba ki ga komai ba. Ki bar ni da abina, na kusa kaiwa."

"Ina roƙonka, Kawu."

"Ni ma roƙonki nake."

Ya juya ya kunna inji. Ta ga wuƙar na tafiya a karkace. Ta san in ta tsaya roƙo za su kai yamma a haka, shi yana mata ladabi ita tana masa ladabi, hannun na ruɓewa a tsakaninsu. Ba ta san daga inda muryar ta fito ba.

"Bahago! Kashe injin nan ka cire safar nan yanzu."

Ba Kawu, ba don Allah. Muryar Aradu ce sak, har da yadda take faɗowa a ƙarshe. Kekuna suka tsaya cak. Tsofaffin ma'aikata da suka san muryar har gyara zama suka yi ba su sani ba. Bahago ya kashe inji, ya tsaya ƙiƙam kamar saurayin da aka kama, ya kai hagu zai ja safar. Ta ƙi fita. Hannun ya kumbura ya cika ta.

Anti ta ɗauki almakashi ta tsarga fatar daga wuyan hannu, a hankali, shi kuma yana cije leɓe. Da ta buɗe, na kusa suka kau da kai, wata ta toshe baki ta fita da gudu. Anti ba ta kau da nata ba, ta ga ai ita ta saya da tafi da flas, dole ta kalla. Ta je bango ta ɓalle hatimin akwatin magani, ta ɗebo bandeji ta rufe hannun sama-sama. Sannan ta jawo kujera zuwa ƙofa, ta hau, ta kwance tutar. Ta ji wata na shessheka a layin baya, ba ta juya ta ga ko wace ce ba, don ta san in ta juya ba za ta iya sauka daga kujerar ba.

Nas ɗin kamfani kallo ɗaya ta yi wa hannun ta ce a nemo mota, wannan ya fi ƙarfinta. Suna fitowa Manaja ya tare su a bakin ƙofa, fara'ar nan duk ta gudu.

"Anti, kin san abin da kika yi kuwa? Ba za a iya fita da shi ta baya ba, a ce a gida ya ji?"

"Yallaɓai, matsa mota za ta wuce," ta ce. Ya matsa.

A babban asibiti likita bai ɓoye mata ba. Da ranar farko aka zo, ɗinki ne kawai da allura. Yanzu yatsu biyun nan sai an cire, sauran hannun kuma za su yi iya ƙoƙarinsu. Aka tura Bahago ciki, aka bar ta a kan bencin baranda da ragowar safar a cikin jaka, ita ma ba ta san dalilin da ya sa ta ɗauko ta ba.

Matar Bahago ta iso a rikice, mayafi a karkace. Da aka nuna mata Anti sai ta durƙusa tana godiya.

"Ke ce Anti? Kullum sai ya yi zancenki. Flas ɗin nan ko 'ya'yansa bai yarda su taɓa ba. Ni ce mini ya yi ƙonewa ce 'yar kaɗan, ko a gida bai bari na gani ba. Allah ya saka miki da kika kawo shi."

Anti ta ɗaga ta, ta kasa cewa amin.

Wajen la'asar sai ga Baba yana dogara sanda, wani maƙwabci ya kawo shi. Labari ya riga ya kai masa. Ya zauna kusa da ita da ƙyar, ya miƙe gwiwar mai ciwo. Ta jira ya ce na gaya miki, ta ma shirya karɓa. Bai ce ba.

"An ce kin ari muryata," ya ce can.

"Ta yi aiki." Hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo. "Kai ka yi gaskiya, Baba. Na yi ta roƙo bai ji ba. Tsawa ɗaya ya cire."

"Ta cire safa yau. Ni na yi shekaru ina yi masa ita, ba ta sa ya saka ba." Ya buga sandarsa a ƙasa a hankali. "A zamanina ma ɓoyewa suke. Ni dai kullum ina bin hannaye da ido ne, don na san ƙarya za su yi mini. Ke kuma kin ɗauka wanda ke sonki ba zai yi miki ba."

"To yaya ake yi?"

"Da na sani da na gaya miki tun a gida, in huta da gardama."

Bayan an tashi daga aiki wasu daga cikin matan suka zo, Uwar Biyu a gaba da kwanon abinci. Wasu ba su zo ba, kuma Anti ta san su waye, ba ta ga laifinsu ba. Waɗanda suka zo ɗin sun gaishe ta da ladabi, amma daga ɗan nesa, irin gaisuwar da ta ga ana yi wa Baba tana yarinya. Ta lura ta kusa da taga ta sa hannunta mai baƙin tef a bayanta. Ko tsoro ne yanzu, ko har yanzu ƙaunar ce, Anti ba ta iya ganewa ba, kuma wannan ya fi komai tayar mata da hankali. Ba wadda ta yi zancen jibi. Ita dai ta ƙudura gobe za ta koma gaban manya ta ce tutar ce ta jawo, kuma tutar tata ce, su yi da ita yadda suka ga dama su bar matan. Ba ta da tabbacin za su saurara.

Rana ta kusa faɗuwa nas ta fito ta ce Bahago ya farfaɗo, mutum ɗaya zai iya shiga. Matarsa ta ce Anti ta fara, don sunanta ya kira.

Yana kwance, fuska ta faɗa, hannun dama naɗe da farin bandeji a kan ƙirjinsa, ya gajarce ta gefe ɗaya. Ta tsaya a bakin gado tana neman ta inda za ta fara ba shi haƙuri. Ta so ya zage ta. Wallahi da ya ce ke kika jawo mini, da ta ji sauƙi.

Yana buɗe ido ya gan ta, sai ya jawo bargo da hagu ya rufe hannun.

"Anti, ki yafe ni," ya ce, murya a dishe. "Na so in kai miki jibi."

Ta sunkuya ta ɗaga bargon a hankali, ta tallafo hannun da hannayenta biyu, ta ɗora shi a sama inda kowa zai gani.